Makonni Bakwai a Kwandon Shara

Assalamu alaikum, 'yan gidan nan. Na ga saƙonninku. Masu tambaya ko na ba Jamaluddeen amsa, ban ba shi ba. Masu zagina a kan haka, na karanta, na gode. Abin da ya faru ranar Laraba zan ba ku yau. Laifina ne a cikinsa, don haka ba zan yi masa ado ba.

Ga wanda yau ya shigo: sunana Rauda, shekarata ashirin da bakwai. A Tambuwal aka haife ni, amma a Ilori na tashi, a hannun Gwaggo Atu, yayar Baba, wadda ta yi aikin nas har ta yi ritaya. Can na yi karatu daga firamare har jami'a. Bara Gwaggo ta rasu, na tattaro akwatuna biyu da kwamfuta na dawo gidan da ban san inda ake rataye ludayi ba. A unguwa 'Yar Ilori ake ce min. Inna kuwa, wadda ta haife ni, ba ta kirana da komai. "Ke." Ko "wagga." In tana so in ci abinci, sai ta ajiye kwano ta gaya wa bango cewa tuwo yana hucewa. Ƙanwata Kamila tana aure a Sanyinna. In ta bugo waya, sai Inna ta ambaci sunanta sau goma kafin su gama gaisawa. Mutane ma Innar Kamila suke ce mata.

Na san ana kunyar ɗan fari, tun a Ilori aka gaya min. Amma wata goma sha ɗaya na yi ina zaune a cikin abin, kuma na riga na yanke hukunci: an ba da ni tun ina goye saboda ba a damu ba. Na daina sa shi a raina.

Jamaluddeen mutumin Kebbe ne, yana haɗa sola da famfon burtsatse a ƙauyuka. Ya zo gyara solar masallacin unguwarmu, ya gan ni ina faɗa da mai cajin waya, bayan sati biyu ya aiko Baffansa. Kullum da safe saƙonsa iri ɗaya ne. "Ina kwana, Malama. An yi ruwa a Kebbe." Ko kuma, "Ba a yi ruwa a Kebbe ba." Ni kuma in rubuta, "Lafiya." Baba bai tilasta ni ba. Ya ce ko e ko a'a, amma kafin a yanke gero, don ba a barin ɗan mutane tsaye a ƙofa. Gero ya riga ya fitar da kai. A gefe guda kuma ofishinmu na Ilori ya ce kujera tana jirana in ina so.

Aikina a waya da kwamfuta yake. Wata ƙungiya ce ke koyar da mata aikin sa-kai na kiwon lafiya ta intanet, kwas na wata uku, ni nake gina musu darussan da ɗaliba ke cikewa da hannunta. Wanda na fi alfahari da shi shi ne na awon yara. An raba wa kowace ɗaliba sikelin ratayawa, mai ɗan wandon zane da ake zura yaro a ciki. Kowane mako za ta auna yaro ɗaya a unguwarsu, ta buɗe shafin a wayarta, ta cike gurbi huɗu: suna, watanni, mako, nauyi. Tana danna maɓalli sai ɗigo ya fito a kan zane, ya haɗu da na makon jiya, layi ya miƙe. Zanen kala uku ne: kore a sama, rawaya a tsakiya, ja a ƙasa. In layi ya gangara sau uku a jere, shafin da kansa yake tura saƙo ga nas ɗin da ke kula da yankin.

A makon farko na sha wahala. Ɗalibai ɗari biyu da 'yan kai, kowa tana wasa da sabon abu. Wata ta auna buhun masara. Wata ta shigar da jariri mai kilo tamanin, da na bincika ashe mijinta ne. Nas-nas suka fara kirana da faɗa, saƙonnin ƙarya sun cika musu waya. Na lura masu wasan ba sa damuwa da rubuta suna. Sai na kafa doka a cikin shafin: duk wadda ta bar gurbin suna fayau, ko ta rubuta "gwaji" ko "yaro" ko "yarinya", a bar ta ta ga zanenta, amma a jefa alƙaluman a kwandon shara, kada saƙo ya tafi ko'ina. Minti goma ya ɗauke ni. Shugabarmu ta yaba min a taro.

Ranar Laraba da hantsi ina zaune a kan tabarma ƙarƙashin dogonyaron tsakar gida, kwamfuta a cinyata, ɗankwalina a kafaɗa. An yi ruwa da asuba, ƙasa tana ƙamshi. Inna tana kan kujerarta 'yar tsugunne, tana tsinke zogale a tire. Na buɗe kwandon sharar don in share shi gaba ɗaya, saboda ya fara nauyaya shafin. Shigarwa arba'in da uku ce a ciki. Yatsana yana kan maɓalli sai idona ya faɗa kan wata mai tsawo.

Hamdiya Maccido, Kebbe. Na san sunan. Matar Mu'awiya ce, yayan Jamaluddeen. Shi ya roƙe ni in sa ta a kwas ɗin, na tura masa hanyar rajista ba tare da ko gaisuwa ba. A gurbin suna ta rubuta "Yarinya". Wata goma sha huɗu. Ga nauyin, mako bakwai, ba fashi:

7.9, 7.8, 7.6, 7.3, 7.3, 7.0, 6.8.

Shekara huɗu na yi ina karatun alƙaluma, na san lambar ƙarya in na gan ta. Mai ƙirƙira yana son biyar da sifili, kuma yana son yaronsa ya yi ƙiba. Ba mai ƙirƙirar 7.3 sau biyu. Na danna, zanen ya fito. Layin ya taso daga gindin kore, ya ratsa rawaya, ya tsaya dab da ja. Da ba don dokata ba, da saƙo ya isa wurin nas tun mako na huɗu.

Ban san na yi wani sauti ba, sai na ji Inna tana tambayar tirenta: "Wanga layi da ka gangarawa, mi shika nufi?"

Na yi mata bayani a taƙaice. Na ce nauyin wata yarinya ce yake raguwa, in dai da gaske akwai yarinyar. Na ce ɗalibar ce ta jawo, an ce ta rubuta suna ta ƙi, gurbi huɗu kacal amma ta kasa cike ɗaya. Ina jin muryata tana hawa, don na fi so laifin ya zama nata.

Inna ta tambayi tire mi anka rubuta wurin sunan. Na ce "Yarinya". Ta ci gaba da tsinke zogalenta, ganye uku, huɗu.

"Tata ce," ta ce. "Ɗiyar fari. Wa ka rubuta sunan ɗiyar fari da hannunshi?"

Ni da ake kira "ke" wata goma sha ɗaya, ni na gina gurbin da uwa ba za ta iya cikewa ba, na kuma sa masa hukunci. Ban taɓa haɗa abubuwan biyu ba. A kaina, ɗaliba za ta auna ɗan maƙwabta ne, kamar yadda takarda ta ce.

Na kira lambar Hamdiya. Ta ɗauka a bugu na uku, murya ƙasa-ƙasa, ana jin turmi a bayanta da wata dattijuwa tana kiran kaji. Na gabatar da kaina, na tambaye ta yarinyar da take aunawa. Ta ce lafiya lau, Malama. Na ce lambobin ba su ce lafiya lau ba. Sai ta ce gwaji ne kawai takan yi, a yi haƙuri in ta ɓata wani abu, kuma Hajiya, uwar mijinta, tana kiranta. Ta kashe.

Na kira nas ɗin yankin, na karanta mata lambobin. Ta ce tana wani ƙauye wurin rigakafi, ba za ta samu shiga Kebbe ba sai mako mai zuwa, amma yarinyar nan kada ta kwana biyu ba a kai ta asibiti ba. Ta tambaye ni ya aka yi saƙo bai zo mata ba. Na ce ni na tare shi. Ta kashe wayar, kuma na gwammace ta zage ni.

Daga nan na yi abin da ban taɓa yi ba, na kira Jamaluddeen. Yana Sanyinna a saman tankin ruwa, iska tana kaɗa wayar. Ya fara da wasa, wai yau wace rana, ko ya sauko ya yi alwala kafin ya saurara. Na ce masa ya bar wasa, na tambaye shi 'yar yayansa. Muryarsa ta canza. Ya ce ya ga ta rame, ya yi wa Hajiya magana sau biyu, ta ce haƙori ne, ta raini yara tara ba wanda ya koya mata. Mu'awiya yana Fatakwal wurin albasa, in ya bugo waya ba ya tambayar yarinyar, shi ma tasa ce ta fari. Yarinyar a ɗakin Hajiya take wuni tun da aka fara yaye ta.

"Hamdiya kuwa ko za ta mutu ba ta buɗa baki gaban Hajiya," ya ce. "Ni ƙanen miji ne, kuma namiji. In na matsa, sai a ce ita ta turo ni, ta shiga uku. Sai dai mace babba daga waje."

Na ce to ni zan je. Ya tambaye ni ko na san abin da ake nufi in yarinyar da ake nema ta taka gidan su mai nemanta da ƙafarta. Na ce na sani. Ban sani sosai ba, amma na gane daga muryarsa. Ya ce kafin ya sauko ya kama hanya la'asar ta yi, in jira shi gobe a san dabara. Na ce nas ta ce kada a kwana biyu, kuma ni na riga na ci mako uku.

Da na ajiye wayar, Inna ba ta kan kujerarta. Tiren zogalen yana nan a rufe da faifai. Na shiga ɗaki na sa doguwar rigata mai ruwan toka, na zura waya da cajar hannu a jaka. Ina fitowa na same ta a zaure, cikin atamfarta mai ganyen shuɗi wadda ba ta sawa sai biki, da farin hijabi har ƙasa, da ƙullin goro da sabulu a leda. Ta riga ta kira Baba a gona ta ce za mu dubiya Kebbe. Ta dubi rigata, ta gaya wa ƙofa cewa mai zuwa gidan mutane ba ta zuwa kamar mai zuwa gyaran waya. Na koma na sa atamfa da babban mayafi.

Hanyar Kebbe da damina ba sai na ba ku labari ba. Mu huɗu a kujerar baya, da buhun taki a ƙafafunmu. Sau biyu muka sauka aka tura mota. Da muka isa tasha, Inna ta gaya wa mai babur cewa wagga ba ta iya zaman babur ba, ya tafi a hankali.

Gidan su Jamaluddeen babba ne, na ƙasa, da rumbuna uku da farantan sola a kan kowane rufi. Mahaifiyarsa, Hajiya Lauratu, doguwa ce mai faɗin murya. Da ta gane ko su wane ne, sai da ta dafa ƙirji. Ta sa aka shimfiɗa sabuwar darduma a rumfa, aka kawo fura a kwanon sha mai murfi. Kafin mu zauna, kawuna sun fara leƙowa ta katanga. Na ji wata tana cewa ita ce, 'yar Ilorin, kuma da uwarta. Hajiya tana kallona tana murmushi kamar an kawo mata saniyar da ta daɗe tana tayawa.

Gaisuwa ta ɗauki kusan rabin awa. Gida, gona, ruwa, hanya, Kamila da mijinta, ciwon ƙafar Baba. Ni idona yana gefen Hajiya. Yarinyar tana kwance a kan zane, ido biyu, ba ta kuka, ba ta wasa. Gashinta ya yi ja ya yi laushi. An ɗaura mata laya da wuri a wuya, zaren ya yi mata yawa.

Hamdiya ce ta kawo ruwa. Ba ta fi shekara ashirin ba, siririya, da hijabi ruwan ƙasa da ya koɗe a kafaɗa. Ta durƙusa ta gaishe mu. Ta bi ta gefen 'yarta kamar ta bi ta gefen turmi, ko kallo. Amma na ga inda ta ajiye ƙafarta: daidai inda inuwarta za ta tare wa yarinyar rana.

Na zura hannu a jaka zan ciro waya. Na shirya jawabina tun a mota, da lambobi da kaloli. Inna ta ɗora hannunta a kan jakar ta danne, ba ta dube ni ba. Sai ta miƙa hannu wajen yarinyar tana cewa a ba ta ƙawarta su gaisa, wace irin ƙawa ce baƙi sun zo tana kwance. Ta ɗaga ta, ta riƙe ta a tafin hannu biyu, ta ɗan jinjina.

Hajiya ta ce haƙori ne ya sa ta gaba, ga zawo yana zuwa yana tafiya, amma ana ba ta jiƙo, an kuma karɓo rubutu. Ta ce yaran yanzu ne ba ƙwari. Inna ta ce haka ne, Allah ya sawwaƙe. Ta gyara wa yarinyar layar wuyanta. Sannan ta yi magana, idonta a kan yarinyar.

"Hajiya, ni ma na san wata ɗiya, da daɗewa. Haƙori anka ce. Uwar tana gani. Kullum in ta ɗauke ta sai ta ji ta fi jiya sauƙi a hannu. To wa za ta faɗa ma? Tana gidan surukai, ga ta fari. In ta yi mata kallo biyu a ce ba ta da kunya. Har sai da yayar mijin taz zo daga Kudu, mai aikin asibiti. Ɗagawa ɗaya ta yi mata, ta goya ta, ta nufi tasha. Uwar tana daka. Ba ta bar dakan ba."

Hajiya ta tambaya ko ɗiyar ta rayu.

"Ta rayu," in ji Inna. "Tana nan tana yi ma mutane taurin kai. Amma uwar ba ta sake samun ta ba. Da an kai ta asibitin garinsu tun da wuri, da ba a kai ta nesa ba."

Ban ɗaga kai ba. Ina kallon zanen darduma, ina ƙirga furanninta. Gwaggo Atu ba ta taɓa gaya min ba. Abin da take cewa kawai, na zo mata kamar 'yar kyanwa.

Hajiya ba wawuya ba ce. Ta dubi Inna, ta dube ni, ta dubi jikarta. Ta ce cikin sanyin murya ita dai ba ta ga ramar da ake faɗi ba, kullum tana tare da ita. Inna ta ce mai gani kullum ai ba ya gani, shi ya sa aka yi sikeli. Sai ta ɗauke hannunta daga kan jakata.

Na ce wa Hajiya makarantar su Hamdiya ce ta tilasta kowace ɗaliba ta auna yaron da ya fi kusa da ita, in ba ta yi ba a kore ta. Ƙarya ce, kuma na yi ta da gangan. Na ga kafaɗun Hamdiya sun sauka. Aka ce ta ɗauko sikelin. Daga ƙarƙashin gadonta ta ciro shi, a naɗe cikin zanin goyo. Daga baya ta gaya min ranar Juma'a take awon, in Hajiya ta tafi gaishe da yayarta, a ƙyauren ɗaki, cikin minti biyu.

Muka rataye shi a reshen mangwaro. Hajiya da kanta ta zura yarinyar a wandon. Allurar ta yi rawa ta tsaya. Shida da rabi.

Na cire dokar daga wayata a tsaye a wurin, abin da bai fi taɓawa uku ba. Na ce wa Hamdiya ta ɗauko wayarta ta shigar. Ta rubuta watanni, ta rubuta mako na takwas, ta rubuta 6.5. Yatsanta ya tsaya a kan gurbin farko. Na karɓi wayar, na tambayi Hajiya sunan jikarta.

"Mardiya," ta ce.

Na rubuta, na danna. Ɗigon ya faɗa cikin ja. Na juya wa Hajiya fuskar wayar, na bi layin da yatsa tun daga sama, ɗigo takwas. Ban yi jawabin ba. Ta daɗe tana kallo, sannan ta tambaya ko nan sama nan ne lokacin da aka yi shuka. Na ce e. Ta ce a miƙo mata mayafinta.

Hajiya ce ta goya Mardiya zuwa asibiti, Inna a gefenta. Hamdiya tana can baya da fulas da ƙullin kaya, tazarar taku goma, kamar hanya ce kawai ta haɗa su. Na rage sauri har ta iso ni. Na ce mata saƙonta ya iso tun tuni, ni ce ban buɗe ba, ta yafe min. Ta ce ba komai, Malama. Can kuma ta ce, a hankali, duk Juma'a in ta danna sai ta zauna da wayar a hannu, tana jiran a kira.

A asibiti suka auna damtsen yarinyar da wani ɗan tef mai kala, suka duba ƙafafunta da idonta, suka ce za a kwantar da ita kwana kaɗan saboda zawon, daga nan a koma ba ta abincin gyaɗa na leda da ake ba yara masu tamowa. Ma'aikaciyar ta ce za ta tashi in sha Allah, amma ta tambaya me aka tsaya jira. Amsar tana wurina. Da aka tambayi wadda za ta kwana da ita, Hajiya ta ce ƙafarta ba ta son gadon asibiti, uwar ta zauna. Ta faɗe shi kamar umarni. Hamdiya ta ce to, kanta a ƙasa, ta zauna a bakin gadon ta juya wa yarinyar baya. Ta bayan hijabin na ga hannunta ya kama 'yar ƙafar.

Muka kamo motar ƙarshe kafin la'asar, don ba mai son yamma ta same shi a hanyar nan. A mota na buɗe kwandon sharar, na bi sauran arba'in da biyun ɗaya bayan ɗaya. Buhun masara, mijin wance, gwaji, gwaji. Na ware waɗanda lambobinsu ba su yi kama da ƙarya ba, masu "yaro" da "yarinya" da gurbi fayau. Goma sha ɗaya. Takwas layinsu yana hawa ko yana tsaye. Uku suna gangara: ɗaya a Fakku, biyu a wasu ƙauyuka da ban taɓa jin sunansu ba. Na tura wa nas duka ukun, na rubuta wa shugabarmu abin da na yi ba tare da na rage komai ba. Na kira lambobin ɗaliban. Ɗaya ta shiga ba a ɗauka ba, biyu a kashe.

Mota ta faɗa rami, muka karo da juna. Inna ta kama damtsena don kada ta faɗi. Motar ta daidaita, ba ta saki ba. Ta zagaye shi da babban yatsa da manuni, ta ɗan matsa, kamar yadda ma'aikaciyar nan ta yi da tef. Sannan ta gaya wa gilashin taga:

"Har yau ba ta cin abinci."

Ta saki, ta gyara hijabinta. Ba ta faɗi sunana ba, kuma ban jira ba.

Muna shiga Tambuwal saƙon Jamaluddeen ya shigo, mafi tsawo da ya taɓa turo min.

"Na iso asibiti, na gan ta, ta sha ruwan gishiri da sukari. Allah ya saka. Amma gari ya ɗauka. Hajiya ta gaya ma Baffa uwa da ɗiya sun tako har gida da goro. Baffa ya ce gobe zai kira Babanku a sa rana. Ban ce e ba, ban ce a'a ba. In don Mardiya kawai kika zo, faɗa min yanzu in tare shi, ba zan ji haushi ba."

Na karanta sau biyu. Na tura masa sunayen ƙauyukan nan uku, na tambaye shi ko ya san hanyarsu, kuma ko zai iya samo babura biyu gobe da sassafe, ɗaya nawa ɗaya na Inna.

Ya ce ya sa famfo a biyu daga ciki, na ukun zai tambaya. Ya ce babura ba matsala. Sannan ya ƙara layi ɗaya: "Baffa fa?"

Na fara rubutu na goge. Na sake farawa. Mai babur ya tsaya a ƙofar gidanmu, na ɗaga kai. Baba yana zaune a kan dakali da kayan gona a jikinsa, ko ƙafa bai wanke ba, waya a kunnensa, yana cewa madalla, madalla, ai ga su nan ma sun iso.

Baffa bai jira gobe ba.

Baba ya rufe bakin wayar da tafin hannu, ya dube ni, ya ɗaga gira. Inna ta wuce ciki abinta, tana gaya wa zaure cewa zogale ya bushe. Wayata tana hannuna, gurbin amsa a buɗe, ba ko harafi ɗaya a ciki.